Wa Ke Taɓa Kafaɗar Amarya?

Litinin, da hantsi

An taɓa ta.

Nan na zo na rubuta don babu wanda zan faɗa wa. A wurin aiki duk wanda na kalla sai in ga kamar shi ne. A gida kuwa Maman yara ƙanwar Yaya ce uwa ɗaya uba ɗaya, abin da ya shiga kunnenta da safe kafin azahar ya isa nasa.

Amarya muke ce mata saboda kullum a lulluɓe take. Motar gudu ce mai kujera biyu, injinta a tsakiya, daidai bayan direba. Ba ta zama ƙarfe ba tukuna, yumɓu ce mai girman mota, tana zaune tsakiyar ɗakin zane ƙarƙashin dogayen fitilu. Ni na zana ta, shi ya sa kowa a kamfanin nan yake ce mini Ango, har mai gadi. Yaya ne ya ɗauko ta daga takarda ya mai da ita yumɓu, kamar yadda ya yi wa duk motar da na zana tun kafin in auri ƙanwarsa.

A duk jikinta layi ɗaya ne nawa ni kaɗai, kafaɗa. Yana tasowa daga saman tayar gaba, ya bi ƙofa a miƙe, ba hawa ba sauka, ya je ya nutse cikin hancinta. Motar da injinta ke tsakiya ba ta gaba take numfashi ba, hancinta a haƙarƙari yake, wata kafa ce bayan ƙofa inda iska ke shiga ta sanyaya inji. Sauran jikin an yi ta ja-in-ja a kansa, a rage nan a ƙara can. Wannan layin na hana kowa.

Yau na ɗage mayafin ta gefen direba, na tsaya inda na saba tsayawa, sai ga lotsawa. Kamar taƙi ɗaya kafin hanci layin ya ɗan faɗa ciki, sai ka ce an danna da babban yatsa. Wanda bai san ta ba ba zai lura ba. Makon jiya ba ta nan.

Na kira Yaya. Ya zo yana goge hannu, ya duƙa, ya karkata kai, ya daɗe yana kallo.

"Ango, ni ban ga komai ba."

"Ga ta nan, Yaya, a gabanka."

"To shafa mana ka ji."

Halinsa ke nan, komai sai an rufe ido an shafa da tafin hannu. Na ce masa wannan aikin masu yumɓu ne, mai zane da ido yake aiki, ni kuma ba makaho ba ne. Ya yi dariya ya ce kishi ne ya fara damuna, babu wanda ya kalli amaryata. Ni dai ban yi dariya ba.

Ƙarshen wata masu kamfani za su zo a ɗage mata mayafi. In sun ce to, shi ke nan, ba mai ƙara taɓa ta, yadda yumɓun yake haka ƙarfen zai fito. Kuma a shekaruna ban san ko za a ƙara ba ni mota sukutum in zana daga hanci har wutsiya ba.

Talata, bayan la'asar

Na bari kowa ya fita shan shayi, na ɗebo yumɓu mai ɗumi daga tanda na cike wurin da kaina. Rabon da in sa hannu a yumɓu har na manta. Na ja da baya, layin ya miƙe ras. Na mayar da mayafin ban gaya wa kowa ba.

Laraba, da safe

Lotsawar ta dawo.

Laraba, da azahar

Ban iya cin abinci ba, zama na yi ina lissafin wanda lotsawar nan za ta yi wa amfani. Ba sai na je nesa ba, 'yan iska ne.

Haka muke kiran mutanen ɗakin iska, masu auna yadda iska ke bi ta jikin mota. Da wasa aka fara, har su ma suka karɓa, in sun ɗauki waya sai su ce ofishin 'yan iska ne. Shugabarsu Injiniya, mace mai sanyin murya da taurin kai. Tun farkon aikin nan take roƙona in yarda a ɗan ƙwaƙule kafaɗar kafin hanci, wai iska ta samu gangara ta zube ciki. A taro ta taɓa ce mini, "Ango, iska ba ta san kyau ba." Na ce mata ai ba iska ce za ta sayi motar ba. An ba ta fiffike a wutsiya don iska ta danne motar ƙasa, an ba ta ƙarƙashin motar gaba ɗaya ta shafe shi yadda take so, har rufi na sauke mata. A ƙarshe ita da bakinta ta ce kafaɗar ta yi, iskar da ke shiga ta isa. Ashe a baki ne kawai.

Sai dai Injiniya ba ta da hannun yumɓu. Aikin da aka yi mai tsabta ne, ko tabo babu. Hannu ɗaya ne a ginin nan zai iya wannan. Ba zan rubuta ba.

Alhamis, bayan magariba

Ina shiga ɗakinmu na ga katakon gefen ƙofa ya tanƙware a tsakiya. Ƙofar da aka sa bara-bara. Na kira kafintan na wanke shi tas, ya ce zai zo ya duba. Maman yara tana tsaye tana ji, ta kalli ƙofar, ta kalle ni.

Da muka zauna na zuba shayi ya ɗan zuba a faranti, kofin ne aka ajiye a karkace. Ta tashi ta goge, sai ta sake ɗauko maganar asibitin can.

"Abban yara, ka ce wannan makon za mu je."

"Na ce bayan an ɗage mayafi."

"Sun ce irin wannan ba a jira da shi."

Na ce mata ni na san abin da ba a jira da shi, yana can ɗakin zane.

Juma'a, da yamma

Na sake cikewa. Wannan karon na yi dabara, na cusa gefen mayafin ƙarƙashin tayar baya yadda duk wanda ya ɗage sai ya fito.

Asabar, da hantsi

Na biya ofis kamar na manta wani abu. Gefen mayafin yana waje yana reto. A kwandon shara na gefen teburin Yaya na ga sabbin ɓawon yumɓu, sirara, a nannaɗe, ko bushewa ba su yi ba. Na ɗauki ɗaya na sa a aljihu, ban san me zan yi da shi ba.

Da na dawo gida na tarar da Maman yara a kicin tana waya. Na ji ta ce, "Don Allah Yaya kar ka bari ya gane." Tana ganina ta koma maganar kuɗin makarantar Auta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin nan a gidana yake cin abinci duk Lahadi.

Litinin, da azahar

Na je wurin Injiniya kai tsaye na ce ina so a auna kafaɗar. Ba ta yi musu ba. Ta sa aka zagaya motar da na'urar awo, ta kira ni gaban allon kwamfutarta, ta ja layin ya cika allon daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ka gani, Ango? A miƙe yake kamar ranar da ka sa hannu."

Na duba. Ga lotsawar nan ɓaro-ɓaro a tsakiyar allo, a kan na'urarta, a gaban idona, tana ce mini a miƙe yake. Ko kunya babu. Yaran ofishinta biyu suna bayanmu, ɗaya yana kallon takalminsa.

Na ce, "Injiniya, na haife ki."

Ta ce, "Na sani, Ango. Shi ya sa."

Shi ya sa me? Ban tambaya ba, fita na yi. Wato duk sun haɗa baki ke nan, har da ƙananan.

Talata, da safe

Na sa mai lantarki ya sauke fitilun da ke saman gefen direba, guda biyu sun lanƙwashe, hasken da suke zubawa a jikin motar ya karkace. Ya sauko da ɗaya ya ɗora a tebur ya mirgina ta, ya ce, "Yallaɓai, sabuwa ce fa." Na ce ban tambaye shi shekarunta ba, ya canza. Ya canza. Sababbin ma duk ɗaya, kayan yanzu ba su da inganci.

Da yamma na cike wurin. Yau kamar lotsawar ta ɗan matsa gaba, sai da na ƙara yumɓu.

Laraba, da sassafe

Na kama shi.

A zatona na riga kowa zuwa, ko mai shara bai iso ba. Na tura ƙofa a hankali. Yaya yana durƙushe gefen direba, mayafin a kafaɗarsa, ƙarfen kankare yumɓu a hannunsa, idonsa a rufe. Ya ja ƙarfen, ya shafa da hagu, ya sake ja. Yumɓun da na sa jiya yana zuba ƙasa a nannaɗe.

Na ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Bai ko firgita ba. Ya buɗe ido ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Ango, ka yi sammako."

"Me suka yi maka alkawari?"

"Su wa?"

"'Yan iska."

Ya daɗe yana kallona. Can ya miƙo hannu zai kama nawa.

"Zo ka shafa. Sau ɗaya, don girman Allah. Rufe ido ka shafa."

Na fizge hannuna. Na ce ina da ido, kuma idon nan ne ya ciyar da shi shekara da shekaru, don ba domin zanena ba da tukwane yake ginawa. Haka na faɗa. Na rubuta ne yadda na faɗa.

Daga nan ofishin Manaja na wuce. A kamfanin nan wanda ya taɓa ƙira ba da izini ba hukuncinsa kora ne, kowa ya sani. Manaja ya kira shi ya tambaye shi ko ya taɓa. Ya ce ya taɓa. Wa ya sa shi? Ya ce babu. Don me? Ya ƙi faɗa. Manaja ya karɓi katin shigarsa, ya ce ya zauna a gida, bayan an ɗage mayafi za a yanke maganarsa.

Ya tattara ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya ya naɗe a tsumma. Da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce, "Kar ka sa da yawa, in ya yi kauri tsagewa yake."

Laraba, bayan magariba

An ajiye mini abinci a rufe. Ba ta fito ba.

Alhamis, da safe

Na cike. Ba mai kankarewa. Layin a miƙe.

Juma'a, da la'asar

A miƙe yake in na tsaya wurina. In na matsa wajen wutsiya sai in ga kamar da saura, na ɗan ƙara. Mataimakan Yaya sun daina tsayawa kusa da ni, in na shigo sai kowa ya tuna yana da aiki a sito. Su suka sani.

Ya kamata in ji daɗi. Ban ji ba.

Lahadi, da azahar

Kujerar Yaya ba kowa. Auta ta tambaya ina Kawu, uwarta ta ce Kawu ba ya jin daɗi. Kafinta ya zo ya ɗora ma'auninsa a ƙofar ya ce lafiyarta lau, na ce ya tafi zan nemo wani.

Maman yara ta yi mini magana ɗaya yau: "Wanda ya rufa maka asiri ka tona wa." Na ce wane asiri? Ta shige ɗaki.

Litinin, da hantsi

Akwai lotsawa a ɗaya gefen. Gefen fasinja, wanda tun da aka gama shi ba wanda ya sa masa hannu. Akwai wata kuma a rufi.

Yaya ba shi da kati. Na tambayi mai gadi, ya rantse bai gan shi ba. To wa ya bari a ciki? Cikin mataimakansa ne, ko Injiniya ta samo wani daga waje?

Ban cike waɗannan ba. Na zauna a kujera ina kallonsu har aka tashi.

Talata, da safe

Layukan littafin nan ma ba a buga su daidai ba.

Laraba, bayan la'asar

Yau aka kai ta ɗakin iska, gwajin ƙarshe kafin masu kamfani su zo. Zan rubuta komai a jere, in ban rubuta yanzu ba ba zan iya ba.

Ɗakin dogo ne ba taga, da ƙatuwar fanka a ƙarshensa. An ɗaure Amarya a tsakiya, an manna mata guntayen jan zaren ulu da salatif tun daga goshi har wutsiya. In iska na bin jiki lafiya zaren kwanciya yake ya nuna baya. In ta rikice sai ya tashi yana rawa. Muka tsaya bayan gilashi aka kunna fanka.

Gaban motar lafiya, rufi lafiya, fiffiken Injiniya lafiya. Gefen fasinja zaren ya kwanta luf tun daga taya har cikin hanci, gwanin kyau, har na manta da lotsawar da na gani a wurin. Sai aka juyo da gefen direba. Zaren ya taho a kwance, a kwance, yana isa wurin da na gyara sai ya haukace. Wani ya miƙe tsaye, wani yana juyi, na bakin hanci ma gaba suke nunawa. Aka saki farin hayaƙi, ya biyo kafaɗa, ya yi tsalle ya haye hancin ya wuce abinsa. Ko kaɗan bai shiga ba.

Wani cikin yaran ya ce a hankali, "Injin nan dafuwa zai yi."

Na ce fankarsu ce, an saita ta ne don a kunyata ni. Na ce abubuwa da yawa. Injiniya ta bari na gama, ta kashe fanka, ta ce kowa ya ba mu wuri. Muka shiga ciki mu biyu muka tsaya gefen motar.

"Ango, Yaya ya sa na yi masa alkawari ba zan ce komai ba, kuma ba zan ce ba. Amma iska ba ta yi wa kowa alkawari ba."

"Me kike so in yi?"

"Abin da ya roƙe ka."

Ta je bango ta kashe fitilu. Ɗakin ya yi duhu ƙirin, ko tafin hannuna ba na gani. Sannan na lalubi saman tayar gaba na ɗora hannu, na fara tafiya.

Layin ya taho ƙarƙashin tafina sumul, sanyi, kamar yadda na zana shi. Na wuce rabin ƙofa. Sai hannuna ya fara hawa tudu. Kumburi ne, tsawonsa ya kai daga gwiwar hannu zuwa yatsu, duk tudu da kwari, ga sawun yatsu nan a jiki. Na sa yatsuna a sawun suka zauna daidai.

Na zagaya ɗaya gefen ina dafa motar. Na shafa daga taya har hanci, na dawo, na sake. Ba lotsawa. Na shafa rufi. Babu.

Makonni ina neman ɗan iskan da ke taɓa mini mota, ga hannunsa a kan kafaɗarta.

Injiniya ta ce daga can bango, "In kunna?"

Na ce ta ɗan jira.

Laraba, bayan magariba

Na tsaya gaban ƙofar ɗakinmu na rufe idon dama da hannu. Katakon a miƙe. Na buɗe na rufe na hagu. Ya tanƙware, kuma a tsakiyarsa akwai wani wuri dishi-dishi da ban taɓa yarda na kalla ba.

Maman yara tana bayana, ban san ta zo ba. Na ce, "Tun yaushe kika sani?" Ta ce tun ranar da na ce layin titi ya karkace muna hanyar gidan Yaya. Ita ta roƙe shi ya lura da ni a wurin aiki.

Tsoro nake ji. Ban taɓa jin irinsa ba.

Alhamis, da la'asar

Na je gidan Yaya. Na same shi a tsakar gida yana gyara wa jikarsa keke. Ya ɗago ya ce, "A'a, mai ido ne da kansa? Ku kawo kujera, maginin tukwane ya yi baƙo."

Na kasa zama. Na ce, "Yaya, na shafa."

Ya ajiye sifana. "To alhamdu lillahi."

"Me ya hana ka faɗa a gaban Manaja?"

"In faɗa me? In ce mai zanenku ba ya ganin layi? Ai ranar za su karɓe ta su ba wani ya ƙarasa, shi kuma abin da zai fara taɓawa kafaɗar nan ce, don a san ya zo. Na ce in kana sawa da yamma ina cirewa da safe, a haka za mu lallaɓa har a ɗage mayafi kana tsaye. Saura kaɗan ai."

"Korarka za a yi."

"Ni hannuna yana nan, duk inda na je da shi zan tafi."

Ya ce kar in je wurin Manaja, in bari har a gama. Injiniya za ta sa mataimakansa su kankare, ba wanda zai ji, maganarsa kuma a yi ta daga baya. Na ce daga baya an riga an rubuta masa mai ɓarna a ƙira, ba kamfanin da zai ƙara buɗe masa ƙofa. Ya ce ina da taurin kai. Na ce a gidansu na auro.

Na nemi gafararsa kan maganar tukwane. Ya ce wannan ba zai yafe ba sai na sayi guda biyu.

Juma'a, da azahar

Na gaya wa Manaja komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza goshi. Ya mayar wa Yaya katinsa. Ni kuma ya ce ba zan tsaya gaban masu kamfani ba, kuma ba zan ƙara sa hannu a wata ƙira ba sai likita ya yi magana. Bai faɗa da zafi ba. Da ya yi zafi da ya fi mini sauƙi.

Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in tsaya a gyara kafaɗar. Ya ce ranar Litinin, daga nan in tafi gida.

Litinin, da yamma

Mun gyara. Yaya yana kankarewa, ni ina biye da shi ido a rufe ina shafawa. In ce nan, ya ja. In ce ya isa, ya tsaya. Sau ɗaya ya ce bai isa ba, muka yi musu kamar da, ya ƙara ja ɗaya, na shafa na ji gaskiyarsa amma ban gaya masa ba.

Aka mayar da ita ɗakin iska. Injiniya ta ce zaren ya kwanta duka, hayaƙin yana shiga hanci kamar an kira shi. Na ce ta rubuta a rahotonta cewa ba a ƙwaƙule kafaɗa ba. Ta ce ta riga ta rubuta.

Na lulluɓe ta da kaina.

Juma'a, bayan la'asar

Yau aka ɗage mayafi. Ni ina asibitin ido, ranar da suka ba mu ke nan, kuma Maman yara ta ce ko ginin kamfanin ne zai faɗi ba za a ɗaga ba.

Likita ya ba ni wata takarda mai layuka kamar raga, ya rufe mini idon hagu, ya ce layukan a miƙe suke? Na ce ya bari in shafa tukuna. Bai gane ba, Maman yara ce ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta an daɗe. Ya ce na hagu lafiya lau. Na dama za a fara allura, za a tare abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa bai yi alkawari ba. Ya ce da mun zo da wuri. Ba ta kalle ni ba, na gode mata.

An ɗiga mini magani an ce mu zauna a benci, sai ga wayar Yaya.

"Ango, sun ce to."

"Kafaɗar fa?"

"Ba a taɓa ba. Haka za ta fito."

"Wa ya ɗage mayafin?"

"Manaja ya miƙa wa Injiniya, ita kuma ta ce tun da ango ba ya nan sai dai yayansa. Ni na ɗage. Na ɗan yi yanga kuwa."

Ya ce da aka ɗage kowa ya matso kusa. Babba cikin masu kamfanin, wani tsoho da ba ya magana, ya zagaya ta, sannan ya zo gefen direba ya ɗora hannu a saman tayar gaba, ya bi layin har hanci.

Na ce, "Ya shafa?"

"Ya shafa. Har da lumshe ido. Sai ya tambaya wa ya zana, na gaya masa."

Na miƙa wa Maman yara wayar. Ta gama da shi, ta ciro hankici ta ba ni, ta ce maganin da aka ɗiga mini ne, haka yake sa mutum hawaye.

Na ce eh, shi ne.